Shekarar da Gayyata Ta Bi Hanyar Makaranta

Ruwan bana ya sauka da wuri, kuma bai ɗaga ƙafa ba. Ina zaune a zaure ina kallon ciyawa tana hawa gindin katangar maƙwabcina, kullum na wayi gari sai na ga ta ƙara tsawo. Ƙafafuna sun daina kai ni gona, amma hancina bai yi ritaya ba. Da na shaƙi ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na san lokacin noman fari ya yi, kuma duk wanda bai shiga gonarsa a 'yan kwanakin nan ba zai sha wuya.

Jiya gab da magariba jikata Rabi ta shigo, wadda take koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Takalmanta a hannu, taɓo har idon sawu.

"Angona, ana nan ana gadin zaure?"

"Ina nan, amarya. Wace irin mata ce sai rana ta faɗi take tuna tana da miji?"

Ba ta rama ba, ita da ba ta barin ta kwana. Ta zauna a bakin tabarma ta sauke jaka.

"An ƙara mana darasin yamma, Kaka. An haɗa mana da Asabar. Mun tambayi kuɗinsa, aka ce ai yana cikin yarjejeniyar da aka yi da gwamnati, wai mun riga mun amince. Ni dai ban tuna ranar da na ba wa wani Asabar ɗina ba. Yaran nawa sai sun yi barci nake ganinsu."

Na tura mata kwanon kunu. Ban ba ta haƙuri ba, don na san haƙurin da ake ba wa malami, na sha shi har ya daina yi min ɗanɗano. Sai kawai na ba ta labarin wata damina, da sauran 'yan shekaru a samu 'yancin kai.

Ni ɗan Bebeji ne. Da na gama horon malanta aka tura ni wani ƙauye a gindin duwatsu, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Makarantar ɗaki biyu ce ta jar ƙasa da jinka, malamanta biyu: ni, Malam Sule, da babban malami, Malam Isyaku. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da yake tsoron takarda fiye da yadda yake tsoron maciji, idan ɗan aike ya kawo ambulan daga Kano sai ya goge hannu a riga kafin ya karɓa.

Na tafi da matata Dije da ɗanmu na fari, Garba, yana goye. Mahaifinta bai so tafiyar ba. Da yake suruki ba ya zama da suruki su yi irin wannan magana, ta bakin kawuna ya aiko min. Ya ce bai hana ni matata ba, amma ya san albashin malamin elementare, ya kuma san iyayena a kansa suke. Idan rumbuna ya cika, mu zauna lafiya. Idan ya kasa, in kawo masa ita da yaron su ci a gidansa har wata kakar. Ya ce a faɗa min ba faɗa ba ne. Na amsa da sauri, don a lokacin ƙuruciya tana kaina, ina ganin ni da na yi karatu ai ƙasa ma za ta ji kunyata.

Dagacin garin ya ara min gona can yamma, bayan rafi. Ƙasa ce mai kyau, baƙa, mai riƙe ruwa. Da ruwan shuka ya sauka na ɗauki sungumi, na zuba gero da dawa a cikinta, kuma suka fito ba gurbi. Hatsin da muka zo da shi daga Bebeji a kan jakuna ya kama hanyar ƙarewa, amma na yi lissafin zai kai mu sabon gero idan muka yi a hankali.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne yinina ba nawa ba ne.

Da na idar da sallar asuba sai in nufi makaranta in duba wata kwalba mai mazurari da aka kafa a kan gungume, in rubuta yawan ruwan da ya sauka, don ofis na so. Daga nan in bi gida-gida ina roƙon yara, saboda da damina uba ya fi buƙatar ɗansa a gona. In koyar har azahar. Bayan azahar kuma gonar makaranta, wadda aka ce ta koya wa yara noman zamani ce. Katuwar gona ce a gabas da gari, an ja layukanta da igiya, ga gero, ga gyaɗa, ga auduga, ga ramin taki. Yaran da za a koya wa noman kuwa sun gudu gonakin iyayensu inda ake noman gaske, sai 'yan ƙananan da fartanya ta fi su tsawo. Saura ni da bayana. Da la'asar sai ajin manya a gindin wata tsamiya. Wannan ajin da yana da malaminsa, ya tafi cin rani bai dawo ba, Malam Isyaku ya ce in riƙe kafin a turo wani. An ce akwai alawus. Na riƙe, ba a turo kowa ba, alawus ɗin ma ban taɓa ganin launinsa ba.

Kafin in tashi daga gindin tsamiya rana ta yi ja. In na ruga gonata, abin da zan nome kafin duhu bai fi wurin shimfiɗa tabarma biyu ba. Ni ne mutumin da ya fi kowa a garin sanin yawan ruwan da ake yi, a rubuce ma nake da shi, kuma duk a kan ciyawar gonata yake sauka.

Ran nan na sami Malam Isyaku a ofis, wato lungun ajinsa inda ya ajiye tebur. Na gaishe shi, na ce ina roƙon a ɗaga min ajin manya na ɗan lokaci, ko gonar makaranta, ɗaya daga ciki.

"Malam Sule, ka karanta takardar ɗaukarka aiki kafin ka sa hannu?"

"Na karanta."

"Me ta ce bayan koyarwa? Ta ce da duk wani aikin da aka ga ya dace. Lokacin malami na hukuma ne. Ni ma haka tawa ta ce."

"Na karanta, Malam. Amma ban ga fartanya a ciki ba."

Ya yi ɗan murmushi, ya gyara tulin takardun gabansa da suke a gyare. Ya ce zai rubuta a tambaya. Na san hanyar Kano da damina, na san kafin amsa ta zo an yi girbi.

'Yan ƙodago kuwa a lokacin noman fari sai mai kuɗi a hannu, ni kuma albashi yakan makale a hanya idan rafuka suka cika, in ya iso rabinsa ya wuce Bebeji. Saboda haka na zuba wa gonar ido. Harƙiya ta fara rufe kunyoyi, tofa ta ɓullo ta gefen rafi. Geron da ya fito kore shar ya fara yin ruwan ɗorawa, siriri, yana leƙe ta cikin ciyawa.

A ajin manya akwai Baba Tanimu, Sarkin Noman garin. Dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, gemunsa fari. Ya shigo ajin ne don ya iya karanta lambar sikeli idan ya kai gyaɗa, ya ce ya gaji da a faɗa masa nauyin abin da shi ya noma. Yadda yake riƙe fartanya haka yake riƙe fensir, ya karya min su ba adadi. Mutanen suna zuwa ne kai tsaye daga gona, fartanya a kafaɗa, gumi ya bushe ya bar fari a wuyansu. Wasu kafin in gama rubuta layi ɗaya a allo sun fara gyangyaɗi. Ban taɓa tashinsu ba, ni ma da da wanda zai riƙe min allin da na taya su.

Wata la'asar da aka watse Baba Tanimu ya tsaya.

"Malam ƙarami, jiya na bi ta bayan rafi. Gero ka shuka ko harƙiya?"

"Ni ma ban sani ba yanzu, Baba."

"To, mun yi magana da jama'a. Za mu yi maka gayya."

Na san ƙa'idar garin. Gayya a wurinsu ramuwa ce: ka je gonar mutum ka yi masa gumi, ranarka ta zo shi ma ya zo. Sarkin Noma ne yake raba ranaku, kowane gida rana ɗaya a lokacin noman fari, kuma idan ranarka ta wuce ta wuce, don akwai mai jira a bayanka kuma ciyawarsa ba ta tsaya ba. Ni kuwa ban taɓa taka gonar kowa ba.

"Baba, da wane ido? Ban je wa kowa ba."

"Ka zo mana. Kullum la'asar kana gindin tsamiyar nan, kuma mun ji labarin ba a ba ka ko goro. Ba mu da abin biyanka sai wannan. Na sa maka ranar da ba a karatu. Kai dai a ɗora tukunya."

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, wannan ne kaɗai ladan da aka taɓa yanka min na aikin yamma. Na tafi gida ƙafata ba ta jin taɓo.

Dije ba mai yawan magana ba ce. Da na faɗa mata sai ta tashi ta leƙa buhun dawa, ta leƙa tukunyar gero, ta dawo ta zauna.

"Malam, in aka ciyar da gayya, ba abin da zai rage."

"Na sani."

"To a yi. In gonar ta tsira, ganye ba zai kashe mu ba kafin sabon gero."

A lokacin mun riga mun koma cin tuwo sau ɗaya. Da rana kwaɗon rama ne ko tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, ita kuma ga shayarwa. Duk da haka ta fito da hatsin nan gaba ɗaya. Matan maƙwabta suka shigo da taɓarensu tun ana jajibiri, gidan ya cika da ƙarar turmi da dariya. Ta ba wa matan Fulanin rugar bayan dutse gero suka kawo nono ƙwarya-ƙwarya. Akuyarta guda ɗaya, wadda gwaggonta ta ba ta lokacin biki, ita da kanta ta ce a yanka, wai ba za a ce matar malami ta ba wa gayya miya ba nama ba. Akwai wani tsohon rumbu a tsakar gidan da muka tarar, bakinsa ya tsage. A cikin wannan hidimar ta sami lokaci ta share shi, ta kwaɓa ƙasa da kashin shanu ta shafe tsagar, ta zuba toka a ciki. Na yi mata tsiya na ce ko zangarniya ba a gani ba ta fara yi wa rumbu kwalliya. Ta ce gara ya bushe da wuri.

Da yammacin jajibirin ne ɗan aike ya iso a kan keke, taɓo har sirdi. Na ga shigarsa gidan Malam Isyaku, ban kawo komai a raina ba.

Gari ya waye tas, ba ko gajimare. Irin ranar da manomi yake roƙo ke nan, don ciyawar da aka nome tana buƙatar rana ta ƙona saiwarta. Jama'a suka taru a ƙofar gidan dagaci, samari da magidanta, kowa fartanyarsa ta sha washi. Makaɗi ya rataya gangar noma yana gwada ta. Ni ma na ɗaure wando na saɓi tawa fartanyar, samari suna tsokanata wai yau za a ga ko hannun alli ya iya abin. Muka taso da kiɗa har gindin wata ɗorawa inda hanya ta rabu biyu, ta yamma ta bi rafi zuwa gonata, ta gabas ta nufi makaranta.

A nan muka tarar da dagaci tsaye, Malam Isyaku a gefensa da ambulan a hannu. Kiɗa ya tsaya, aka durƙusa aka yi gaisuwa.

"Sarkin Noma," in ji dagaci, "gobe mai duba makarantu zai iso. A fara da gonar makaranta."

Baba Tanimu bai tashi daga durƙuson ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ranar ta Malam ƙarami ce. Abincinsa ne a kan wuta."

"Na sani. Amma ka ga halin da waccan gonar take ciki. Idan baƙo ya ga ciyawa, ba malamai kaɗai za su ji a jikinsu ba, har ni. Ai ita ma aikinsa ce. In an gama da wuri sai a ƙarasa tasa."

Na matsa gaba na ce, "Ranka ya daɗe, tawa ba za ta ƙara jira ba. A kanta iyalina suke."

Dagaci ya dubi Malam Isyaku. Malam Isyaku ya dubi ambulan.

"Malam Sule, ka san idan aiki ya taso ba ranar hutu. Sunanka ne a kan gonar nan a ofis. In aka rubuta ka, ba gona kaɗai za ka rasa ba."

Makaɗi yana tsaye, sandar kiɗansa a sama, yana jiran ya ga inda ƙafar Sarkin Noma za ta dosa. Baba Tanimu ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, bai dube ni ba. Ya kama hanyar gabas, ganga ta bi shi, jama'a suka bi ganga. Ni ma na bi.

Mutane suna tambayata ko na yi fushi a ranar. Ban yi ba. Na jira fushin ya zo, bai zo ba. Abin da na ji shi ne kamar yadda ƙafa take yi idan ka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji ba taka ba ce.

An yi noma mai kyau, ba zan ɓoye ba. Samari suka jeru suna tsere, makaɗi yana zuga kowa da sunan kakansa, ƙasa tana juyewa baƙa tana tururi a rana. Da irin noman garin aka yi da an gama kafin azahar. Amma wannan gona ce ta layi, Malam Isyaku yana bi da igiya yana cewa a gyara nan, a miƙe can, kada a taka audugar gwaji. Da aka gama gero aka shiga gyaɗa. Da aka gama gyaɗa aka ce a sassabe filin makaranta da bakin hanyar da baƙo zai bi. Da rana ta take 'yan mata suka fito daga gidana da ƙoren fura da akusan tuwo a ka, suka nufi rafi, aka aika yaro ya juyo da su. A inuwar ajina aka zauna aka ci dawata da geron Dije da akuyarta. An ci a natse, ba wasan da aka saba. Wani ya miƙo min tsoka na karɓa na ci, yunwa nake ji.

La'asar sakaliya aka gama. Baba Tanimu ya ɗaga kai ya dubi gabas, ni ma na duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga bayan duwatsu, iska ta fara kaɗa ganyen gero. Kowa ya saɓi fartanya ya ruga gida.

Na tarar da Dije tana wanke ƙore a bakin rariya, Garba a bayanta. Ban san ta inda zan fara ba, ita ta hutar da ni.

"Na ji gangar. Ta gabas take."

Ta ci gaba da wanki. Ruwa ya sauko, muka kwashe ƙoren muka shiga ɗaki.

Wannan ruwan shi ne farkon marka. Aka shiga yi ba dare ba rana, yayyafi ya bi mamako, mamako ya bi yayyafi. Bango ya jiƙe, tabarma ta yi fumfuna, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Rafuka suka cika suka yanke hanya. Mai duba makarantu bai zo ba. Daga baya muka ji ya iso bakin wani kogi ya ga ruwa ya juya, kuma bai sake waiwayarmu ba a shekarar. Ni dai kullum da safe ina zuwa in zubar da kwalbar nan in rubuta.

Na yi ta zuwa gonata duk sanda na sami sarari, ina ratsa rafi ruwa har ƙugu. Amma ciyawar da aka nome a cikin marka ba ta mutuwa. Ka tumɓuke ta yau ka kifar, jibi ka dawo ka tarar ta kafa saiwa ta miƙe tana jiranka. Wata safiya Baba Tanimu ya zo da 'ya'yansa biyu, muka yi abin da za mu iya har hantsi. Da za su tafi ya tsaya ya dubi gonar.

"Malam ƙarami, na so in sake sa maka rana. Amma duk an raba. In na ɗauke ta wani, shi ma haka tasa za ta zama."

"Na sani, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Abincinka yana wuyanmu."

"Kun noma inda aka ce ku noma."

Da la'asar ɗin nan ma na je gindin tsamiya na jingina allo. Sun zo, sun ma fi kullum yawa, kuma ba wanda ya yi gyangyaɗi. Ba kuma wanda ya haɗa ido da ni. Na koya musu yadda ake rubuta lambobi, suna maimaitawa ina maimaitawa. Muryata nake ji kamar daga wani gida take fitowa.

Sauran daminar ganye muka ci. Tafasa, rama, yaɗiya, zogale, duk abin da ya yi kore bai da ɗaci sosai. Maƙwabta sukan aiko da ɗan gari a ƙoƙo, a ɓoye, don su ma ba su da shi. In albashi ya iso mu auni dawa a kasuwa da tsadar damina, ta yi mana 'yan kwanaki. Na iya tsayuwa a gaban aji da jiri, in dafa allo kamar ina nuna wani abu har ya wuce. Wuyan Dije ya yi tsawo, zaninta ya fara zagaya ta fiye da da. Garba ya kama nono ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Ba ta taɓa ce min ga abin da ka jawo mana ba. Da ta faɗa, wataƙila da na ji wani abu.

Da kaka ta yi, geron makaranta ya yi kyan da tsofaffin garin suka riƙa zuwa kallo. Zangarniya kamar damtsen mutum. Ni na tsaya a kan yankansa da ɗaurinsa, na kai shi ɗakin ajiyar makaranta, Malam Isyaku ya sa kwaɗo. Shi ma bayan an tashi daga aji na yi wannan.

Nawa kuwa, jakin Baba Tanimu na ara, kuma sawu ɗaya ya kwaso shi bai ko yi nishi ba. Dawar da na sa wa rai ita ma ba ta yi abin kirki ba, ciyawa ta riga ta shanye ta tun tana ƙarama. Na sauke dammunan a tsakar gida, kusa da rumbun da ya bushe tsaf, shafensa ko tsaga babu. Dije ta fito ta dube su, ta dubi rumbun.

"A sa a ɗaki, Malam. Ba sai an buɗe shi ba."

Hatsin ya kai mu tsakiyar rani. Ban jira kawuna ya aiko ba. Da na ga ƙasan buhu na ce mata ta haɗa kaya, ta ce ta riga ta haɗa. Muka hau jaki zuwa bakin babbar hanya, muka jira motar gyaɗa. A lokacin Garba ya fara dafa bango yana miƙewa, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana mayarwa. A Bebeji surukina ya amsa gaisuwata, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya sa aka kawo min fura. Ko kalma ɗaya bai ce a kan rumbu ba. Washegari na juya, don akwai aji.

Hutun da ya biyo baya aka ce a gyara jinkar makaranta a haƙa sabon ramin taki, ban samu leƙa su ba. Daga nan damina ta sake sauka, na maƙale wa gonata kamar kaska. A wannan shekarar Baba Tanimu ni ya fara ba wa rana, kuma tun duku-duku ya kwashi jama'a suka ƙetare rafi kafin dagaci ya fito. Rumbun ya cika. Ajin manya yana nan a wuyana, gonar makaranta ma haka.

Bayan girbi na je ɗauko su. Na yi sallama a ƙofar gida, sai ga wani yaro ya fito da gudu daga zaure, da ƙafafunsa, yana bin kaza. Na tsuguna na miƙa masa hannu. Ya tsaya ya ƙare min kallo, ya juya ya ruga ya rungume ƙafar surukina yana cewa Baba, Baba. Surukina ya ɗaga shi ya nuna ni, ya ce ga babanka nan. Yaron ya ɓoye fuska a rigarsa. Da muka koma ƙauye ya ji uwarsa da kowa na garin suna ce min Malam, shi ma ya kama.

Nan na tsaya da labarin, don an kira magariba. Rabi tana riƙe da kwanon kunu, ba ta sha ba.

"Alawus ɗin fa, Kaka? Ya zo daga baya?"

"Bai zo ba."

Ta sunkuyar da kai tana kallon taɓon da ya bushe a ƙafarta.

"Tun ina ƙarama nake jin Baba yana ce maka Malam. Na ɗauka girmamawa ce."

"Girmamawa ce," na ce. "Miƙo min buta."

Ta miƙo. Ta sa takalmanta ta ɗauki jaka, ta ce bari ta yi sauri ko za ta tarar da ƙaramin bai yi barci ba.